Kawunan rago, giwa da damisa na tagulla daga Igbo-Ukwu: tambayoyi da amsoshi

Igbo-Ukwu gari ne a ƙaramar hukumar Aguata ta jihar Anambra. A can aka tono kayan tagulla da ke cikin mafi daɗewa da aka sani a Afirka ta Yamma, sun girmi kawunan Ile-Ife, sun girmi na Benin da nisa. Daga cikinsu akwai wasu ƙananan kawunan dabbobi da aka yi domin ratayawa. Duk wanda ya ga hotonsu, tambayar da yake fara yi ita ce: ado ne ko kayan bauta? Ga ita, da sauran tambayoyin da ke biyo bayanta.

Waɗanne irin kaya ne ake magana a kansu?

Kawunan dabbobi ne na zubin tagulla, kowanne bai fi a damƙe shi a tafin hannu ba. Akwai kan rago mai murɗaɗɗen ƙaho, akwai na giwa, akwai na damisa, akwai kuma fuskar mutum mai tsaga layi-layi daga goshi zuwa kumatu. An yi musu 'yan zobba inda ake zura igiya ko waya, wasu kuma an sarƙafa musu duwatsun wuya da ƙananan ƙararrawa, ta yadda mai sanye da su ba zai motsa ba sai an ji.

Akwai ɗaya da ya fita daban: ƙwai biyu manne da juna, tsuntsu na kwance a kansu, ƙuda na jikinsu, ga sarƙoƙin duwatsu da ƙararrawa suna reto a ƙasa.

Maƙeran ba sa son barin fili. Ɗige-ɗige, murɗe-murɗe, layuka siriri kamar zare, sannan ƙwari: fara, ƙuda, buzuzu, zaune a goshin giwa ko a kan rago. A masarautar Benin, ɗaruruwan shekaru bayan haka, manyan fada suna ɗaura irin waɗannan kawunan damisa da na rago a ƙugu, shi ya sa wasu masana ke ganin na Igbo-Ukwu ma a ƙugu ake sa su, wasu kuma suka ce a ƙirji.

Yaya aka yi aka gano su?

A shekarar 1938 wani magidanci, Isaiah Anozie, yana haƙa ramin tara ruwan sama a gidansa, sai ya ci karo da ƙarafa da suka yi kore. Bai ɗauke su a bakin komai ba. Ya rarraba wa maƙwabta wasu, wani kwanon kuma ya mai da shi abin shayar da awaki. Labari ya kai kunnen mataimakin Di'o na Awka, J. O. Field, ya zo ya sayi abin da ya samu, ya buga bayaninsu a 1940.

Daga nan magana ta kwanta har kusan shekara 20. Bernard Fagg, mutumin da sunansa ya shahara kan gumakan Nok da gidan tarihi na Jos, shi ya gayyato Thurstan Shaw, masanin tonon tarihi ɗan Birtaniya, ya zo ya yi tono irin na masana. Shaw ya yi aikin a 1959 zuwa 1960, ya dawo a 1964. Wurare uku ya tona, duk a gidajen 'yan'uwa uku, aka kuma sa musu sunayensu: Igbo Isaiah, Igbo Richard da Igbo Jonah.

Bambancin wuraren nan uku shi ne ginshiƙin duk abin da za a faɗa game da ma'anar kayan. Igbo Isaiah ɗakin ajiya ne, an jera kaya a kan dandamalin yumɓu aka bar su a nan. Igbo Richard kabari ne na wani babban mutum. Igbo Jonah rami ne da aka zuba kaya a ciki da gangan. Jimillar abin da aka samu ya haura kaya 700 na jan ƙarfe, tagulla da baƙin ƙarfe, da duwatsun wuya kusan 165,000.

Shekarunsu nawa?

Gwajin kabon, wato awon gano shekarun abu, da aka yi wa gawayi da itacen da Shaw ya tono ya nuna ƙarni na 9 miladiyya. Wannan ya tayar da ƙura, domin a lokacin ba a zaci akwai aikin tagulla mai irin wannan ƙwarewa a kurmin kudu kafin Ife ba. Wasu masana, ciki har da Babatunde Lawal, sun yi jayayya, suka ce kayan ba za su girmi ƙarni na 15 ba. Gwaje-gwajen da aka ƙara yi daga baya ba su goyi bayan wannan ra'ayi ba. Sai dai sun nuna cewa wuraren uku ba lokaci guda aka yi su ba: wani ƙyallen tufa daga Igbo Isaiah ya nuna ƙarni na 11 zuwa na 12. Idan aka ce tsakanin ƙarni na 9 da na 12, an yi adalci. Wato wajen shekara dubu ke nan.

Ƙyallen ya tsira ne saboda ya manne da tagulla, tsatsar jan ƙarfe kuwa tana hana ruɓewa.

Wa ya ƙera su? Ba daga waje aka kawo su ba?

An daɗe ana wannan zato, har da masu cewa ai sai dai Larabawa ko Turawa. Turawan Fotugal ba su iso gaɓar Benin ba sai ƙarshen ƙarni na 15, ka ga su an fitar da su. Sauran kuma ƙarfen da kansa ya ba da amsa. Tagullar Igbo-Ukwu haɗin jan ƙarfe ne da kuza da dalma, kusan babu tutiya a ciki. Ita kuwa wadda ake ratso Sahara da ita daga Arewacin Afirka, mai tutiya ce, irin wadda aka yi yawancin kawunan Ife da kayan Benin da ita. Da aka auna dalmar da ke cikin kayan, sai aka ga da yawa ta dace da ta ma'adinan yankin Abakaliki, a gabashin Igbo-Ukwu.

Hanyar ƙirar ita ce zubin kaki. Maƙeri zai gina cikin siffar da yumɓu, ya lulluɓe shi da kakin zuma, ya yi duk zanen da yake so a jikin kakin, har ƙafafun fara. Sai ya shafe shi da yumɓu mai laushi, ya ƙara mai kauri, ya bar kafa. Idan aka gasa, kakin ya narke ya tsiyaye, sai a ɗura narkakken ƙarfe a gurbinsa. Ba a fitar da kayan sai an fasa yumɓun, saboda haka kowane kai shi kaɗai ne irinsa a duniya. Akwai masu ganin cewa ƙaron wata bishiya dangin tinya aka yi amfani da shi maimakon kaki, saboda sirantar zanen.

Wani abin da ke ƙara tabbatar da cewa sana'ar ta gida ce: maƙeran ba sa yin liƙi, ba sa haɗa ƙarfe da ƙusa, dabarun da duk maƙerin Masar ko Maroko na wancan zamani ya sani. Idan abu ya yi sarƙaƙiya, sai su zuba wani sashe, su gina kaki a kansa, su sake zubi. Haka suka yi shahararriyar tukunyar nan da igiyar tagulla ta kewaye. Wanda ya koyi sana'a a hannun baƙo ba zai bi wannan doguwar hanya ba. Kuma sun san bambancin ƙarafansu: jan ƙarfe tsantsa su buge shi da guduma su murɗa, mai haɗin kuza da dalma su ajiye shi domin zubi.

To me ya sa ake danganta su da addini? Ba zai yiwu ado ne kawai na mai kuɗi ba?

Tambayar na kan hanya. Masu tonon tarihi suna da wata ɗabi'a: duk abin da suka kasa gane amfaninsa, sai su ce na bauta ne. Mutanen Igbo-Ukwu ba su bar rubutu ba, babu wata takarda da ta ce ga abin da kan rago yake nufi. Hujjar da ake da ita iri uku ce, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Ta farko, wadda ta fi ƙarfi, ita ce wurin da aka same su. Kawunan ba a warwatse suke cikin gidajen mutane ba, ba kuma a wuyan kowace gawa ba. A ɗakin ajiyar Igbo Isaiah suka taru, an jera su da tsari, wasu kayan ma da alamar an naɗe su da tufa. Wannan kaya ne na wani muƙami, ana fito da su idan lokacinsu ya yi, a mayar.

Ta biyu ita ce abokan zamansu. Kusa da su akwai kwanukan tagulla da aka yi su da siffar ƙwarya, har da sassaƙar jikinta. Akwai masu siffar katantanwa, ɗaya da damisa tsaye a kanta. Akwai kawunan sanduna da macizai suka nannaɗe, wasu macizan da ƙwai ko kwaɗo a baki. Akwai wani mazaunin tukunya mai siffar mace a gefe guda, namiji a ɗaya gefen. Ƙwaryar gaske ta fi ta tagulla sauƙin ɗauka da sauƙin samu, wanda ya zauna ya zuba ta da ƙarfe ba shan ruwa ne ya dame shi ba. A ramin Igbo Jonah kuma an samu ƙasusuwan dabbobi da ƙonannun abubuwa hawa-hawa, da wata babbar tukunyar ƙasa da aka yi wa macizai, kan rago da hawainiya a jiki. Dabbobin nan dai su ne suke ta dawowa, a ƙarfe da a yumɓu. Ado yakan bi son ran mai shi, amma a nan kamar akwai jerin da aka amince da shi.

Ta uku ita ce al'adun Igbo na yankin, musamman na Nri, wata tsohuwar masarautar Igbo da ke kusa, kamar yadda aka rubuta su a ƙarni na 20. Daga nan ake samo kusan duk fassarar da za ka ji. Ita ce mafi daɗin ji, ita ce kuma mafi rauni, domin tsakanin kayan da rubutun akwai shekara ɗari takwas ko fiye.

Ni a ganina tambayar "ado ko bauta" ita ce ke ɓatar da mutum. Sandar girman sarki, idan ka gan ta a gidan tarihi, ba za ka ce ado ce kawai ba, ba kuma za ka ce abin bauta ce ba, alama ce ta iko. Bambancin shi ne, a wannan yanki na ƙasar Igbo ikon kansa na addini ne. Shugaban ba runduna gare shi ba, abin da yake da shi shi ne yardar mutane cewa yana tsakaninsu da ƙasa da kakanni. Kayan muƙaminsa kuwa dole su ɗauki wannan nauyi.

Rago, giwa da damisa, me kowanne yake nufi?

Rago ne aka fi samun abin faɗa a kansa. A al'adar Igbo akwai ikenga, gunkin itace mai ƙaho biyu da namiji yake ajiyewa domin hannunsa na dama, wato ƙwazonsa da nasararsa. Ƙahon ana danganta shi da na rago, dabbar da ke faɗa da kai, ba ta ja da baya sai don ta ƙara karo. Farin rago kuma shi ne dabbar Amadioha, abin bautar tsawa. Ban da haka rago dabbar yanka ce a wuraren bauta a kudancin Najeriya baki ɗaya, a Owo da wasu sassan ƙasar Benin har kawunan rago na itace ake ɗorawa a wurin tuna kakanni. Ka ga ke nan kan rago guda zai iya ɗaukar ƙarfi, tsawa da hadaya lokaci ɗaya, ba lallai ne mai sanye da shi ya zaɓi ɗaya ba.

Damisa ita ce sarauniyar kurmi, kuma wanda ya kashe ta akwai laƙabin girma da ake ba shi. A kabarin Igbo Richard an samu ƙoƙon kan damisa na tagulla a kan sandar jan ƙarfe, kusa da mamacin. Wannan ya fi kowace fassara ƙarfi, domin ya nuna dabbar tare da mutumin da ake girmamawa.

Giwa ma haka. An binne mutumin da hauren giwa uku. Har yau masu muƙamin ozo a ƙasar Igbo suna riƙe haure a matsayin alamar darajarsu. Akwai kuma wani dalili na duniya: ana kyautata zaton haure na cikin abin da ake sayarwa a samo duwatsun wuyan nan masu yawa. Idan haka ne, giwa ita ce tushen arzikin gidan.

Su kuma ƙwarin da ke zaune a kan kawunan fa?

Wannan shi ne abin da ya bambanta Igbo-Ukwu da Ife da Benin. Can sarakuna da mayaƙa ake nunawa, nan kuwa an ba fara da ƙuda muhimmanci har an ɗora su a goshin giwa.

Bayanin da aka fi kawowa ya shafi doya. A al'adar Nri, sarkinsu ne ke da maganin doya, shi ke buɗe shekarar noma, kuma an yi imani yana iya kore fara da sauran ƙwarin da ke cinye amfanin gona. Garuruwa sukan kawo masa gaisuwa saboda haka. Idan mai kayan Igbo-Ukwu irin wannan aiki yake yi, to farar da ke kan tagulla abokiyar gaba ce da aka nuna an mallake ta. Bayani ne mai ma'ana, ga manomi babu abin tsoro kamar fara. Amma bai kamo komai ba. Ƙuda ba ya cin doya, ga shi kuma a jikin ƙwai. Wasu na ganin ƙwai da tsuntsu da ƙuda magana ce ta haihuwa da ruɓewa, farkon rai da ƙarshensa. Ƙwai dai abin hadaya ne sananne a wuraren bautar Igbo, mesa kuma a garuruwan da ke bauta wa Idemili, abin bautar wani kogi da ke nan kusa, ba a kashe ta, idan ma aka kashe bisa kuskure sai an yi mata jana'iza.

Za a iya cewa layu ne, irin na tsari?

Ba daidai ba ne. Laya ta mutum ɗaya ce, ƙarfinta yana cikin abin da aka ɗinke a ciki, kuma sau da yawa a ɓoye take ƙarƙashin riga. Waɗannan kuwa an yi su ne domin a gani, a kuma ji ƙarar su.

Idan ana neman ƙaramar tagulla mai siffar dabba da ke aikin laya da gaske, sai a duba wajen ƙabilar Kotoko, a kudancin Tafkin Chadi. Suna zuba ƙaramin doki da mahayinsa, a ɗinke shi cikin fata, mai taɓin hankali ya rataya domin neman sauƙi. A nan an san ma'anar saboda an tarar da masu yi, an tambaye su. Siffar dabba ta tagulla mai zoben rataya tana iya zama magani a wani gari, ta zama alamar sarauta a wani.

Wane ne mutumin da aka binne a Igbo Richard?

An binne shi a zaune, a kan kujera mai ƙusoshin jan ƙarfe, cikin ɗakin da aka jera wa katako. Yana da kambi, da faifan jan ƙarfe a ƙirji, da mundaye, da duwatsun wuya sama da 100,000. A saman ɗakin an samu ƙasusuwan mutum aƙalla biyar.

Shaw ya karkata ga cewa Eze Nri ne, wato sarkin Nri, ko wani mai babban muƙami irin nasa. Dalilai: Nri ba ta da nisa da wurin, a al'adarsu a zaune ake binne sarki, kuma tsagar da ke fuskar nan ta tagulla ta yi kama da ichi, tsagar manyan mutanen yankin. Eze Nri sarki ne marar soja. Wakilansa ne ke yawo gari-gari suna wanke laifin da aka yi wa ƙasa, suna naɗa masu muƙami. Sarautar ta ci gaba da wannan aiki har 1911, lokacin da Turawan mulkin mallaka suka tilasta wa sarkin ya janye ikonsa a kan sauran garuruwa.

Akwai abin da bai zauna daidai ba. An san Nri da ƙyamar zubar da jinin mutum, har ta zama mafakar waɗanda aka kora daga garuruwansu. To mutum biyar ɗin da ke saman kabarin fa, waɗanda da yawa ke ɗauka bayi ne ko barori da aka raka shi da su? Ko dai al'adar ta sauya cikin shekara dubu, ko mamacin ba Eze Nri ba ne. Kowanne aka ɗauka, ya isa ya sa a yi hattara wajen ɗora Nri ta 1900 a kan Igbo-Ukwu ta ƙarni na 10.

Akwai wata alaƙa da Arewa?

Akwai, amma ba ta wajen ƙarfen ba. A kabarin an samu wani mariƙi na tagulla mai siffar mutum a kan doki. Doki ba ya daɗewa a kurmi saboda ƙudan tsando, daga ƙasashen Arewa ake kai shi. Duwatsun wuyan kuma da yawansu gilashi ne da ya fito daga Masar da Gabas ta Tsakiya, wasu irinsu an same su a Gao ta ƙasar Mali, a bakin Kwara. Wani kaso kuma gilashin da aka narka a Ile-Ife ne.

An taɓa zaton jan ƙarfen daga Takedda ya fito, kusa da Agadas, inda Ibn Battuta ya sauka a 1353 ya ba da labarin ana kai jan ƙarfe Gobir da Borno. Awon dalma ya raunana wannan zato. Game da kuza, akwai masu nuna tsaunukan Jos.

Ina kayan suke yanzu, kuma ana iya sayen irinsu?

Mafi yawansu suna hannun Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, a gidan tarihi na Legas. Kaɗan daga waɗanda aka fara samu suna gidan tarihin Birtaniya da ke Landan.

Abin da ake tallatawa a intanet da sunan "tagullar Igbo-Ukwu" kusan duk sabon zubi ne da aka jiƙa da sinadari ya yi kore. Idan kuwa tsoho ne da gaske, to saye da sayar da shi ba tare da izini ba laifi ne a ƙarƙashin dokar 1979 da ta kafa hukumar, haka ma fitar da shi daga ƙasa. Wanda ya ci karo da irin wannan a gona ko wajen haƙa rijiya, kada ya wanke, kada ya kankare tsatsar, kada ya ci gaba da tono. Ya ɗauki hoto yadda abin yake a ƙasa, ya sanar da gidan tarihi mafi kusa. Kayan da Isaiah Anozie ya fara cirowa a 1938 an rasa yadda suke jere. Waɗanda Shaw ya tarar a inda suke, ya auna, ya zana taswirarsu, su ne suka nuna cewa wurin ɗakin ajiya ne, daga jikinsu kuma aka samu ƙyallen da ya ba da shekarun.